Godiya ga jama'ar Maradi da suka taya mu neman Alhaji

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, maigidana Alhaji, wanda ya ɓace saboda ciwon mantuwa, yana gida, ya ci abinci, ya yi barci, ƙafafunsa ne kawai suka kumbura saboda tafiya. Kiran waya ya fi ƙarfina, shi ya sa na rubuta nan don kowa ya ji lokaci guda.

Wani yaro mai kabu-kabu ne ya gan shi bakin hanyar Tibiri, ba hula, takalmi ƙafa ɗaya. Ya tambaye shi inda za shi, Alhaji ya ce wurin awon gyaɗa, yana sauri kada a tashi. Aikin da ya bari tun zamanin Shugaba Kunce ke nan. Yaron bai yi masa dariya ba, bai kuma yi masa gardama ba. Cewa ya yi, "Baba, hau in kai ka," ya sauke shi wurin wani mai shayi, suka ba shi ruwa da biredi, suka riƙe shi da hira har aka gane hotonsa da ke yawo a WhatsApp. Ɗana, ka ƙi karɓar ko dala, ka ce kai ma kana da kaka. Allah ya yi maka albarka, ya ba ka masu yi maka.

Ina gode wa limaman da suka yi cigiya bayan salla, da gidajen rediyon da suka yi ta maimaita sanarwa, da samarin fadar unguwarmu da suka bar shayinsu suka bi unguwannin Zariya, Bagalam, Sabon Gari da bakin gulbi da fitilar waya. Gulbin nan shi ne ya fi tayar mini da hankali. Abokiyar zamana kuwa ban san da bakin da zan gode mata ba. Ita ke kwanan zaune idan na gaji, ni ke karɓarta idan ta gaji, kuma ita ta riƙe gida ranar da ni na kasa tsayuwa.

Da yawa cikin masu zuwa jaje sun ce ba su san abin ya kai haka ba, don in sun gaisa da shi a zaure yana amsawa lafiya lau. Haka ciwon yake. Gaisuwa da Fatiha suna nan daram, abin da ya faru ɗazu ne ba ya zama. Sai ya yi azahar ya sake tashi zai yi, ya ɓoye kuɗinsa ya ce an sace, ya nemi mahaifiyarsa da ta daɗe da rasuwa. Da la'asar ta yi sanyi sai ya ɗauki sanda ya ce zai tafi gida, alhali cikin gidan da ya gina yake. Wata rana ya kira ni Hajiya, wata rana ya tambaye ni ko ni baƙuwa ce. Likita ya ce alamun cutar Alzheimer ne, wadda wani likitan Jamus mai wannan suna ya fara bayyanawa a 1906, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ita ke jawo kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari na ciwon mantuwa.

Masu cewa sammu ne ko jifa, da wanda ya ba mu shawarar mu ɗaure shi, na ji, ban kuma riƙe kowa ba. Addu'a muna yi dare da rana. Amma mutumin da ya ciyar da gidan nan da rabin danginsa ba za a sa masa igiya ba muddin ina numfashi.

Sai ƴan uwa na Yamai da na Katsina da suka yi ta turo mini labarin sabon gwajin jini. Na gode da kulawa, kuma labarin gaskiya ne. A watan Mayu na 2025 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da wani gwaji mai suna Lumipulse, ga masu shekara 55 zuwa sama waɗanda alamun mantuwa suka riga suka bayyana gare su. Yana auna sinadarai biyu, amiloyid da tau, waɗanda ke taruwa a ƙwaƙwalwar mai cutar. Da can sai an ja ruwa daga gadon baya ko an yi wani hoton ƙwaƙwalwa mai tsada kafin a gano su. Sai dai ku sani, gwajin nuna alamar cutar yake yi, ba ya warkarwa, kuma likita ba ya yanke hukunci da shi kaɗai. Mu gwajin jinin da aka yi wa Alhaji na sukari ne, da na tiroyid, da na bitamin B12, don ƙarancin wasu daga cikinsu na kawo ruɗewar da ake iya magancewa. Nasa duk sun fito lafiya. Duk mai tsoho da ya fara irin wannan, kada ya ce gigin tsufa ne ya zauna, ya kai shi a duba waɗannan tukuna.

Yanzu mun ɗinka lambar waya a cikin aljihun kowace rigarsa, mun rataya ƙararrawa a ƙofar zaure. In kun gan shi shi kaɗai a hanya, don Allah kada ku ce masa "Alhaji, ka gane ni?" Tambayar na ba shi kunya, ta kuma fusata shi. Ku faɗi sunanku, ku kama hira, ku biyo da shi gida. Abokansa na kasuwa masu son zuwa, da hantsi ya fi sakewa, kuma ku zo ɗaiɗai ko bibbiyu, taro na ruɗa shi. Allah ya saka wa kowa da alheri.