Inda na kai da gyaran tsofaffin lofen Ingila, da gardamar masu tara su

'Yan'uwa masu koyon gyaran lofe, ga inda aiki ya tsaya. Lofe biyu ne a kan teburina, dukansu na itacen briar, wato kullutun saiwar wata 'yar bishiya, dukansu ƙirar Landan. Ɗaya na kamfanin Comoy's ne, ɗayan ba shi da sunan kowa, "London Made" kawai aka buga a jikinsa. Na kankare ƙanzon da ya taru a cikin tukunyarsu, na bar ɗan siriri don kada wuƙa ta ci itace. Daga nan na cika kowace tukunya da gishiri, na ɗiga sifirit har ya jiƙe, na jingine su suka kwana. Da gari ya waye gishirin ya rine, ya zuƙo tsohon man taba da warinsa. Wanda zai gwada ya kula kada sifirit ya zubo ta baki, domin yana cinye launin waje nan take.

Tun da na fara wannan abu nake jin masu tara lofe suna cewa na da ya fi na yanzu, kuma kowane kamfani akwai shekarar da suke ja masa layi, su ce daga nan abu ya lalace. Barling, waɗanda asalinsu maƙeran azurfa ne tun 1812, iyalin sun sayar da kamfanin a 1960, suka fita daga harkar a 1962, to duk lofen da aka yi kafin nan shi ake rububi. Joel Sasieni ya yi aiki da Charatan, ya yi da Dunhill, ya buɗe nasa a 1919, kuma masoya ɗigo huɗu masu shuɗi-shuɗi da ke kan bututun lofensa, alamar kamfanin, ba sa waiwayar abin da aka yi bayan iyalin sun sayar a 1979. A kan Charatan, wanda ya faro a 1863, baki bai zo ɗaya ba: wasu sun fi son ƙananan lofen dā, wasu kuma zamanin Herman Lane, wanda ya sayi kamfanin, na shekarun 1960 suke yabo, lokacin manyan lofe masu zanen itace a miƙe. Dunhill kuwa, da ya fara ƙera lofe a 1910, ya sauƙaƙa wa masu gardama aiki, don yana buga lambar da ke nuna shekarar ƙira, sai mutum ya riƙe lofe ya ce maka wannan na shekara kaza ne, musu ya koma kan wace shekara ta fi.

Abin da ya kamata sabon shiga ya sani shi ne, itacen ba a Ingila yake tsiro ba. Kullutu ne da ke fitowa tsakanin saiwa da gangar wata 'yar bishiya, Erica arborea, a ƙasashen bakin Bahar Rum kamar Italiya da Girka da Aljeriya da tsibirin Kosika. A haƙo shi, a yanka, a tafasa, a bar shi ya bushe a hankali. Sana'ar ma a garin Saint-Claude na Faransa ta kafu, kuma daga can Henri Comoy ya tashi ya koma Landan a 1879. Ke nan idan an ce ingancin Ingila, ana nufin zaɓen itace, da haƙurin busar da shi, da aikin hannun ƙarshe.

A nan ne na raba maganar masu tarawa gida biyu. Akwai wadda ido da hannu za su iya tabbatarwa, akwai wadda sai dai ka ji ka yi shiru.

Ta farko na gan ta a kan Comoy's ɗin nan. Bututunsa na baƙar roba ce mai tauri, wadda ake haɗawa da farar wuta, shi ya sa rana da yawu ke mai da ita kore-kore mai ɗaci. Da na bi shi da samfefa mai lamba 400, sannan 600, sannan masu laushi, ina yi ina jiƙawa, sai harafin C, alamar Comoy's, ya fito fes. Ka sa gilashin ƙara girma ka gani: ba fenti ba ne. An huda rami an cusa farin abu, an sake hudawa a tsakiyarsa an cusa baƙi, sannan an huda na uku a gefe don a buɗe bakin harafin. Aiki uku saboda alama guda da ba ta fi ƙwayar gero ba. Bayan kamfanin ya shiga ƙarƙashin kamfanin Cadogan wajen 1980 aka bar wannan wahala. Haka bakin bututun, an fafe shi ya buɗe a hankali daga ciki, kuma tsinken goge lofe yana wucewa tun daga baki har gindin tukunya bai tsaya ko'ina ba. Wanda ya ce an rage aikin hannu daga baya, a kan wannan dai ban da abin musa masa.

Ta biyu ita ce maganar ɗanɗano. Za ka ji ana cewa man da Dunhill ke jiƙa itace da shi yana ba da wani gardi, wasu su ce a'a, busarwar iska irin ta Barling ta fi. Wasu kuma sun rantse da itacen Aljeriya, mai sauƙin nauyi da taushi, wanda ya sa lofen Shell na Dunhill, ƙirar da ya yi wa rajista a 1917, ke fitowa da zurfin kwarmi idan an feshe shi da yashi, suna kuma danganta raguwar inganci da yaƙin neman 'yancin Aljeriya na 1954 zuwa 1962. Zurfin kwarmin ana ganinsa, na yarda. Amma lofen da ya shekara sittin ko saba'in a hannun wani, ya sha tabar da ba ka sani ba, ya ƙone ya huce sau ba adadi, abin da ke cikinsa yau rabinsa halin mai shi ne na farko. Ni dai gyara da ajiyewa ne nawa, illar taba ba ɓoyayya ba ce, saboda haka wannan musun na bar wa masu shi.

Marar sunan nan ya ƙara min ƙarfin gwiwa a kan ra'ayina. Da datti ya fita, sai ga wurare biyu da aka cike da foti, wato ƙullin toshe rami, ja-ja, ba ya karɓar rini kamar itacen da ke kewaye da shi. Shi ke nan laifinsa. Hudarsa daidai take da ta Comoy's, ramin iska ya faɗo tsakiyar gindin tukunya, bututu ya zauna ba rata. Manyan kamfanonin sun kasance da sunaye na biyu da suke sayar da irin waɗannan, kamar Parker na Dunhill da Everyman na Comoy's. Sau da yawa bambancin a fata ya tsaya, kuɗin kuwa ya yi nisa.

Shi ya sa nake roƙonku ku tausaya wa hatimi. Mai tarawa rubutun da ke jikin itace yake saye kafin komai, kuma injin gogewa yana share shi cikin ƙiftawar ido. Ni ina manna ɗan salatif a kai kafin in taɓa wurin. Idan akwai zoben azurfa ku karanta tambarinsa: zaki yana nuna azurfa ce ta gaske, kan damisa Landan, anga kuma Birmingham, sai harafi guda na shekara. Amma ku leƙa ƙarƙashinsa, don wani zoben ba ado ba ne, tsagewa aka ɗaure da shi. Bututun ma a duba, mai yiwuwa na asali ya karye tuntuni an sa wani.

Saura aiki biyu. Akwai shatin haƙori a bututun Comoy's, zan ɗan gasa wurin da wuta daga nesa ko robar za ta taso, abin da ya rage in cike. Fotin marar suna kuma zan tone shi da tsinin allura, in cusa garin briar da gam mai kamawa nan take, duk da na san wurin zai fi sauran duhu. Idan a cikinku akwai wanda ya samu dabarar da cikon ke karɓar rini daidai da itace, ya faɗa min kafin in sa allura.