Fensir a hannun yaro mai galahanga

Zauna kusa da yaro mai larurar galahanga yana rubutu ka gani: wani ya danne fensir har bakinsa ya karye, wani ya riƙe shi sako-sako. Ba ganganci ba ne. Saƙon da yatsu ke aika wa ƙwaƙwalwa bai cika daidaita da abin da ido ke gani ba, sai gyara ya makara ko ya wuce kima. Faɗa ba ya magance wannan. A shimfiɗa tsumma mai laushi ƙarƙashin takardar. Da ya danna da ƙarfi sai ta huje, hannun ya gane da kansa. A ba shi fensir mai kauri ya yi rubutu na minti 5 zuwa 10, a dakata kafin yatsu su gaji.