Farin Ɗigo a Jikin Kifin Ruwan Gishiri: Yadda Na Gane Shi, Yadda Na Magance Shi

Kifin tang shuɗi, wani kifin ado na teku, shi ne ya fara nuna alama a tankina. Tun kafin in ga komai a jikinsa na lura yana zuwa gindin dutse ya karkata, ya goga gefensa da sauri, ya zagayo ya sake gogawa. Da dare, bayan fitilar tanki ta mutu, na haska shi da tocila ta gefe, sai ga ɗigo-ɗigo farare a fiffikensa da wutsiyarsa, kamar an barbaɗa masa gishiri. Kowane ɗigo a ware yake da ɗan'uwansa, har ana iya ƙirga su.

Ban taɓa kwalbar magani ba a daren, don ba kowane fari a jikin kifi ne cuta ɗaya ba. Abin da na fara dubawa shi ne numfashi. Na zauna ina kallon yadda marfin da ke gefen kansa yake buɗewa yana rufewa, ina gwada shi da na sauran kifayen. Akwai wata cuta, Amyloodinium ocellatum, wadda ake rikita ta da farin ɗigo, kuma ta fi shi saurin kisa nesa ba kusa ba. Ita ƙura-ƙura ce mai laushi da ta fi ƙarfin ƙirga, wani lokaci ma ba a ganin ta sam, sai dai ka ga kifi yana haki, yana gudun haske, yana tsayawa a bakin famfo inda ruwa ke bugowa da ƙarfi. In ka ga haka, kwana ɗaya ko biyu na iya raba ka da kifin. Akwai kuma Brooklynella, da ta fi kama kifin clown, jiki ya yi ta saɓar da yauƙi fari. Lymphocystis kuwa ƙulli ne dunƙulalle a bakin fiffike, yana zaune wuri ɗaya har makonni, yawanci kuma yakan tafi da kansa in ruwa da abinci sun gyaru. Har yashi yakan manne a yauƙin kifin da ke kwana a ƙasa, ya kakkaɓe bayan ɗan lokaci.

Kifin nawa yana cin abinci, numfashinsa bai yi muni ba, ɗigon kuma wanda na gani jiya a kafaɗa yau babu shi, wani ya fito a wutsiya. Wannan Cryptocaryon irritans ne, ƙwayar da ke haddasa farin ɗigo.

Bayan 'yan kwanaki jikin kifin ya share tas. A nan ne mafi yawan masu kiwo ke sakin jiki, kuma a nan ne cutar ke samun gindin zama. Ƙwayar tana shiga ƙarƙashin fatar kifi ta yi kwana 3 zuwa 7 tana ci. In ta ƙoshi sai ta saki kifin, galibi cikin duhu kafin gari ya waye, ta sauka kan yashi ko dutse ta rufe kanta cikin ƙwanso mai tauri. A cikin ƙwanson take rarrabuwa, ɗaya ta zama ɗaruruwa. Bayan kwanaki ko makonni ƙwanson ya fashe, 'ya'yan su fito suna iyo suna neman kifi, wanda bai samu ba cikin kwana ɗaya zuwa biyu ya mutu. Tunda da dare suke sauka kuma da dare suke fitowa, daidai makwancin kifin suke taruwa. Ke nan ranar da ka ga kifinka ya share, cutar ba ta tafi ko'ina ba, tana ƙasan tankin tana hayayyafa.

Fahimtar wannan ita ce ta tsara mini duk abin da na yi. Magani ba ya kai wa ga ƙwayar da ke ƙarƙashin fata, ba ya kuma ratsa ƙwanso. Lokacin da take yawo cikin ruwa ne kaɗai ake samun ta. Don haka dole maganin ya zauna cikin ruwa da ƙarfinsa, dare da rana, har sai ta ƙarshe ta fito ta same shi.

Na kwashe kifayen duka daga babban tanki zuwa wani tankin jinya, har waɗanda ban taɓa ganin ɗigo ko ɗaya a jikinsu ba. Wannan shi ne aiki mafi wuya, sai da na ɗaga kusan duk duwatsun kafin na kama wani ƙaramin gobi da ya shige rami. Amma barin kifi ɗaya tak a babban tanki ya isa ya raya cutar, domin tana iya ɓuya a mashaƙar numfashinsa inda ido ba ya gani. Tankin jinya kuwa fayau yake: ba yashi, ba dutse, sai hita, da matata ta soso, da dutsen iska mai hura kumfa a ruwa, da guntayen bututun roba inda kifi zai ɓuya hankalinsa ya kwanta.

Maganin jan ƙarfe na zaɓa. Ba a zuba shi a babban tanki ko kusa, saboda yana kashe murjani da jatan lande da dodon koɗi da ƙaguwa, ga shi dutse da yashin murjani suna tsotse shi su riƙa sakinsa daga baya. Iri biyu ne a kasuwa kuma ma'auninsu ya sha bamban: Cupramine ana riƙe shi a wajen miligiram 0.5 a kowace lita, irin su Copper Power kuwa 2.0 zuwa 2.5. Wanda ya ɗauki lissafin wannan ya yi aiki da shi a kan wancan, ko dai ya kashe kifi ko ya bar cuta da ranta. Na ɗaga shi a hankali cikin 'yan kwanaki, kuma kullum sai na auna da na'ura, don tsakanin abin da zai kashe ƙwayar da abin da zai cutar da kifin tazarar ba ta da yawa. Ƙa'idar da aka fi bi ita ce kwana 30 a cikakken ma'auni, in ya faɗi ƙasa ko na yini ɗaya ne a sake ƙirga daga farko. Shi ya sa duk ruwan da zan canza sai na fara zuba masa nasa maganin a bokiti kafin ya shiga tanki.

Abin da ya fi tayar mini da hankali a makonnin nan amoniya ce. Sabon tanki ba shi da isassun ƙwayoyin bakteriya masu cinye ƙazantar kifi, amoniya kuwa tana ƙona mashaƙar da cuta ta riga ta raunata. Kowace yamma nakan zuƙe ragowar abinci da kashi daga ƙasa da siririn tiyo. Ruwan maganin da ake ɗigawa don ɗaure amoniya ban yi amfani da shi ba, domin masu yin Cupramine da kansu sun yi gargaɗi cewa haɗa su yana mai da jan ƙarfen guba. Tang ɗin ya rage cin abinci a makon farko, sai na riƙa maƙala masa busasshen ganyen teku kusa da bakin bututun da yake ɓuya, yana leƙowa ya yaga ya koma.

Akwai wasu hanyoyin, kuma suna aiki. Ana sauke gishirin ruwa daga 1.025 zuwa 1.009 a ma'aunin nauyin ruwa a riƙe shi haka wata guda, sai dai yana buƙatar na'urar awo mai gaskiya, kuma ba ya taɓa Amyloodinium. Ana kuma sauya wa kifi tanki duk bayan awa 72, sau huɗu, ana wanke wanda ya bari a busar da shi ƙayau, ta yadda ƙwayar da ta sauka ba za ta samu damar komawa ba. Ga kifin da ba ya jure jan ƙarfe wannan ta fi, in mutum yana da lokaci da kayan aiki biyu-biyu.

Tafarnuwa da ake ta yabo, a ganina tana iya sa kifi ya ci abinci, shi ke nan. Sunanta ya yi kyau ne don ana ba da ita, ɗigon ya faɗi a lokacin da dama zai faɗi, sai a ce ta yi aiki. Haka kifin da ke tsince jikin 'yan'uwansa da fitilar UV mai kashe ƙwayoyin cuta a ruwa: suna ragewa, ba sa ƙarewa. Ƙara zafin ruwa kuwa dabara ce ta masu kifin ruwan daɗi, cutarsu daban ce. A ruwan gishiri iskar oksijin kawai za ka rage wa kifin da dama numfashi ke yi wa wuya.

Babban tankin na bar shi babu kifi kwana 76. Adadin ya samo asali ne daga abin da masana Colorni da Burgess suka rubuta a 1997, cewa an ga ƙwanson da ya kai kwana 72 kafin ya fashe, sai masu kiwo suka ƙara 'yan kwanaki a kai. Murjani da sauran ƙananan halittu suna nan abinsu, cutar ba ta iya rayuwa a jikinsu. Nakan jefa ɗan abinci jefi-jefi don bakteriyar matata kada ta mutu, zafin ruwa kuma yana digiri 25 zuwa 26 a ma'aunin Celsius. Raga da bokiti da tiyo na kowane tanki daban, ko hannuna sai na wanke ya bushe kafin in tsoma a ɗayan.

Da jinya ta ƙare na cire jan ƙarfen ta hanyar canjin ruwa da gawayin tacewa, na ci gaba da sa musu ido a ruwa mai tsabta har wa'adin babban tanki ya cika. Yanzu duk sabon kifi sai ya yi zamansa a tankin killacewa tukuna. Murjani da dodon koɗi da dutse ma haka, a wani tankin da babu kifi, tunda ƙwanson yana mannewa a duk wani abu mai tauri da ya fito daga ruwan da kifi ya zauna.