Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Ranar da Aka Yi Husufin Rana

A makon jiya na tsaya ne a kan komawata gidan Baffa a Tudun Wada, Kaduna, inda nake zuwa makarantar boko da safe, bayan sallar Magariba kuma in zauna a zauren wani dattijon malami da ke karantar da mu Ummul Barahina, littafin tauhidi na Shaihu Sanusi, mutumin Tilimsan ta ƙasar Aljeriya, wanda ya rasu a 1490.

A farkon watan Maris na 2006 malaminmu na kimiyya ya zana mana da'irori uku a kan allo, ya ce ranar Laraba, 29 ga wata, da hantsi, wata zai gitta tsakanin rana da duniya har haske ya dusashe. Da na dawo gida, cikin rawar kai irin ta ƙuruciya, sai na ba da labarin muna tsakiyar cin tuwo. Baffa ya tsame hannunsa daga kwano, ya dube ni, ya ce, "Kai yaro, yaushe 'yan boko suka fara sanin gaibu? Ka yi istigfari." Na yi, amma baki ne ya yi, domin zuciyata tana tare da zanen allo, kuma wannan rabuwar ta hana ni barci kwanaki, ina tsoron ko imanina ne ya fara tsagewa.

Sai da na kai maganar zaure. Bayan ɗalibai sun watse na matsa kusa da buzun Malam, na ce, "Allah gafarta Malam, wanda ya faɗi ranar husufi tun kafin ta zo, ya yi da'awar gaibu?" Bai amsa nan take ba. Ya sa na karanta Suratur Rahman, da na kai aya ta 5, wadda ke cewa rana da wata suna tafiya a bisa lissafi, sai ya ɗaga hannu ya tsayar da ni. Ya ce, "Ɗana, abin da Allah ya ɗora a kan lissafi, wanda ya iya lissafin ba gaibu ya sani ba, al'adar Allah a cikin halittarsa ya karanta." Daga nan ya tuna mini da abin da na daɗe ina haddacewa ban gane ba, wato malaman tauhidi sun kasa hukunci gida uku: na shari'a, na al'ada da na hankali, kuma littafin da ke hannuna ma da hukuncin hankali ya buɗe, inda ya raba shi zuwa wajibi, korarre (wato wanda ba zai taɓa yiwuwa ba) da mai yiwuwa. Na ji kunya ƙwarai, domin a zatona hankali kayan makarantar safe ne.

Ya ƙara da cewa a ranar da Ibrahim, ɗan Manzon Allah (SAW), ya rasu an yi husufin rana a Madina, mutane suka ce saboda rasuwar ne, amma Annabi da kansa ya kore wannan zato, ya ce rana da wata ayoyi ne na Allah, ba sa husufi don mutuwar wani ko rayuwarsa, ya kuma yi umarni da salla. A ganina har yau, wannan hadisi ya fi dogayen muhawarorin da na karanta daga baya tsakanin manyan malaman da, Gazali da Ibn Rushdi, warware mini matsalar.

Ranar Larabar, wajen ƙarfe goma da rabi, hasken Kaduna ya koma kamar na la'asar sakaliya, iska ta yi sanyi, yaran unguwa suka fito suna kaɗa gwangwani. Baffa ya leƙo tsakar gida, ya dubi inuwar bishiyar darbejiya, ya dube ni, bai ce uffan ba game da gardamarmu. Buta kawai ya miƙo mini, ya ce, "Yi alwala mu tafi masallaci." A hanyar dawowa ne ya tambaye ni yadda ake lissafin, kuma wannan tambayar ce ta jawo tafiyata Zariya, wadda zan ba da labarinta a mako mai zuwa, in Allah ya yarda.