Godiya ga malaman sashenmu bayan na kare kundin digirina na uku

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki.

Alhamdu lillahi. Ranar Talatar da ta wuce na tsaya gaban malamai na kare kundin bincikena na digiri na uku a fannin ilimin halayyar ɗan Adam. An yi kusan awa uku ana yi mini tambayoyi, aka fitar da ni waje, aka sake kirana aka ce an amince, da sharaɗin wasu gyare-gyare. Tun daga ranar wayata ba ta huta ba. Wanda na amsa masa da wanda ban samu amsawa ba, duk na ga saƙonninku, Allah ya bar zumunci.

Rabin masu taya ni murna cewa suke, "Dakta, yanzu sai a yi hattara da ke, kina karanta zuciyar mutum." Wani kawuna kuwa har ya fara tara mini marasa lafiya, a ganinsa na zama likitar masu taɓin hankali. Kawu, a yi haƙuri, ba na rubuta magani, wannan aikin likitan ƙwaƙwalwa ne da ya yi karatun likitanci. Ni ma da irin wannan tunanin na shiga sashen. Na ɗauka malaman duk abu ɗaya suka karanta, abu ɗaya suke yi. Sai na tarar kowa da hanyar da ya biyo, kowa da abin da ke hana shi barci, har sukan yi musu a gabanmu kamar ba a ofis ɗaya suke shan shayi ba. Shi ya sa nake son in gode musu ɗaya bayan ɗaya, in faɗi abin da kowa ya sa a aikin nan. Ba zan kama suna ba, don ba sa so. Wanda ya san su zai gane su.

Na fara da Farfesa, wadda ta duba aikina daga farko har ƙarshe. Mama muke ce mata in ba ta kusa. Malamar firamare ce tun asali, daga kwalejin horar da malamai ta fito, ta yi shekaru tana koyar da 'yan aji ɗaya kafin ta shiga jami'a ta karanta ilimin koyarwa, daga baya ta tafi Ibadan ta yi digiri na uku a kan yadda hankalin yaro ke girma. Har gobe in ta shiga gida idonta a kan yara yake fara sauka.

Ranar da na kai mata shawarar bincikena ina ji da kaina. Na karanta John Bowlby a kan shaƙuwar jariri da uwarsa, na karanta Mary Ainsworth da gwajin da ta tsara a birnin Baltimo na Amurka: a sa uwa da ɗanta mai kamar shekara ɗaya a ɗaki da kayan wasa, baƙuwa ta shigo, uwa ta fita, ta dawo, a yi ta haka kusan minti ashirin, a duba yadda yaron ke tarbar uwarsa in ta dawo. Na ce zan yi irinsa a kan jariran Hausawa. Farfesa ta cire tabarau ta ce, "Wace uwar? Ke wa ya goya ki?" Na yi shiru. Ni 'yar fari ce. A bayan goggona na girma, a ɗakin kakata nake kwana, mahaifiyata kuwa har yau ba ta taɓa kiran sunana ba saboda kunya. Ta ce, "To da an sa ki a wannan ɗakin da mahaifiyarki, ta shigo ta kau da kai don akwai baƙuwa, me Baturiya za ta rubuta a kanku?"

Ita ce ta tuna mini cewa ita kanta Ainsworth a Afirka ta fara. A 1954 da 1955 tana Yuganda, tana shiga gidajen Baganda tana zama tana kallon jarirai 28 da iyayensu, tun kafin a yi zancen wani ɗakin gwaji. Sannan ta ciro mini wata tsohuwar takarda ta 1977, wadda Robert Marvin da Robert LeVine da Sarah LeVine da abokan aikinsu suka rubuta a kan jariran Hausawa 18. Sun samu cewa kowane jariri yana shaƙuwa da masu reno fiye da ɗaya, amma akwai wadda ya fi neman jikinta, kuma yawanci ita ce wadda ta fi ɗaukarsa, ko da ba ita ke ba shi nono ba. Na ji kunya ƙwarai. An zo har gida an yi aiki a kanmu tun ba a haife ni ba, ni kuma ina can ina haddace Baltimo. Ta haɗa ni da rubuce-rubucen Bame Nsamenang, masanin nan ɗan Kamaru da ya rasu a 2018, wanda ya daɗe yana cewa yaron Afirka a hannun dangi da yayyensa yake tasowa. Daga nan aikin ya juya, na bar ɗakin gwaji na shiga tsakar gida. Farfesa, jan bironki ya sa ni kuka ba sau ɗaya ba. Allah ya saka miki da Aljanna.

Sai Dakta mai ƙididdiga. Shi lissafi ya karanta a digirinsa na farko, ya faɗo cikin fanninmu ta ƙofar auna jarrabawa, kuma abin da ya dame shi a duniya shi ne ko ma'aunin da aka ƙera a wata ƙasa yana auna abu ɗaya in an kawo shi nan. A darasin farko yake rubuta mana a allo cewa a 2008 Jeffrey Arnett ya duba manyan mujallun fannin guda shida, ya samu kashi 68 cikin 100 na mutanen da aka yi bincike a kansu 'yan Amurka ne, Afirka gaba ɗaya ba ta kai kashi 1 ba. Ya ƙara da cewa a 2015 an sake gwada bincike 100 da aka riga aka wallafa, waɗanda suka sake ba da sakamako mai ƙarfi ba su wuce kashi 36 ba. Sai ya juyo ya ce, "Don haka kada wanda ya zo mini da 'Turawa sun gano'. Ku nuna mini a kan mutum nawa, kuma su wane ne."

Shi ya hana ni sakat a kan takardar tambayoyina. Na fassara ta zuwa Hausa, ya sa wani da bai taɓa ganin ta Turancin ba ya mayar da ita Turanci, muka ajiye su gefe da gefe. Abin dariya, abin takaici. Inda aka so a tambayi ko yaro yana gudun baƙo, na yi wata doguwar jimla da ba matar da za ta gane. Wata tsohuwa ce a gwajin farko ta ce, "Ƙiwa kike nufi? Ai da yaro ya fara rarrafe take zuwa." Kalma ɗaya ta share mini layi biyu, kuma lokacin da ta faɗa ya yi daidai da wata bakwai zuwa tara ɗin da littattafan ke cewa. Da na ba Dakta labari sai ya ce in sa tsohuwar a cikin masu duba kundin. Shi ne kuma ya tilasta mini ajiye bayanaina wuri uku. Na yi ta ƙunƙuni, har ranar da aka sace mini kwamfuta a mota. Malam, ba don kafiyarka ba, da shekara biyu ta tafi a banza.

Akwai Hajiya, mai ɓangaren kula da masu damuwa da matsalar ƙwaƙwalwa. Ita a asibiti ta goge, ta yi horo a asibitin ƙwaƙwalwa na Aro a Abeokuta, kuma ba ta gajiya da labarin Thomas Adeoye Lambo, wanda a 1954 ya fara saukar da marasa lafiya a gidajen mutanen ƙauye tare da ɗan uwa mai jinya, ya kuma yi aiki da masu maganin gargajiya, daga baya ya zama mataimakin babban daraktan Hukumar Lafiya ta Duniya. Bincikenta a kan shaye-shaye ne, musamman na matan aure, tun kafin gwamnati ta hana maganin tari mai kodin a 2018. Ranar da aka sanar da sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a farkon 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, da alewa ta shigo aji. Ita ta tare ni a baranda kafin in fita aikin gida-gida ta ce, "In kika shiga kika tarar da mai jego ba ta ci, ba ta barci, ba ta son ganin jaririn, me za ki yi? Ki cike takarda ki fito?" Ba ta bar ni ba sai da na tsara inda zan tura irin waɗannan matan da wanda zan kira. Na yi amfani da wannan tsarin fiye da sau ɗaya, kuma cikin duk aikin nan shi ne abin da na fi samun natsuwa da shi.

Malam na ɓangaren addini da halayya kuwa daga Larabci ya fito. Ya yi zaure, ya yi jami'a, ya tafi Malesiya ya ƙaro, ya dawo da sunan Malik Badri a bakinsa, masanin nan ɗan Sudan da ya rubuta littafi a 1979 yana jan kunnen Musulmi masu wannan fanni kada su haɗiye duk abin da aka miƙo musu, wanda ya rasu a 2021. In an ce Wilhelm Wundt ya buɗe ɗakin gwaji na farko a Laifzig ta Jamus a 1879, sai Malam ya ce haka ne, amma Abu Zaid al-Balkhi da ya rasu a 934 ya riga ya rarrabe baƙin cikin da ke da sanadi da wanda ke zuwa ba a san dalilinsa ba. Shi da Dakta mai ƙididdiga kamar wuta da auduga suke a taron ƙara wa juna sani: wannan ya ce a kawo lamba, wancan ya ce ba komai ake ɗorawa a sikeli ba. A ganina kowannensu yana da rabin gaskiya, kuma sun sani, shi ya sa suke tafiya gida a mota ɗaya. Malam ne ya buɗe mini Risala a babin haɗana, inda renon yaro ke komawa ga kaka, sannan 'yar uwar uwa, in uwa ta rasu ko ta yi wani aure. Ya ce, "Kin ga, malamanmu ba su taɓa ɗauka mutum ɗaya ke renon ɗa ba." Babi na biyu na kundin daga wannan zaman ya samo ƙafa.

Ina gode wa malamin halayyar zamantakewa, wanda ya yi karatu a Jos, yake aiki a kan zaman Musulmi da Kirista bayan rikici. Bai shafi kundina kai tsaye ba, amma shi ya koya mini yadda ake shiga unguwa ta hannun mai unguwa ba tare da an ɗauke ka ɗan leƙen asiri ko mai rabon tallafi ba. Haka malamin halayyar ma'aikata, wanda ya rasa ofis saboda ni na tsawon wata biyu ina rubutu. Da sakatariyar sashe, wadda ta san inda kowace takarda ta kwana.

Mai jarrabawa da aka gayyato daga wata jami'a, ranka ya daɗe, na gode. Da ka tambaye ni, "In kunyar ɗan fari tana raguwa a birni, matan yanzu suna kiran sunan 'ya'yansu har suna sa hotonsu a Facebook, to al'ada kika auna ko shekarun matan?", gumi ya karyo mini har cikin hijabi. Amsar da na bayar ba ta ƙoshi ba, ni ma na sani. Tambayar tana cikin gyare-gyaren da zan yi.

Abu ɗaya ke ci mini rai. Tun 1964 aka buɗe sashen farko na wannan fanni a Nijeriya, a Nsukka, amma har yau aikin irin waɗannan malamai a kan kantar littattafai yake ƙarewa, da Turanci, ƙura na binsa. Matan da suka buɗe mini ɗakunansu, suka ba ni tabarma da kunun kanwa, suka haƙura da tambayoyina suna tsakiyar daka, ba mai iya karanta shafi ɗaya na abin da na rubuta a kansu. Na yi wa Farfesa alkawarin zan taƙaita shi da Hausa in koma in karanta musu.

Aikin shekara uku ne a takarda, ya ci shida. Korona ta rufe makarantu a 2020, yajin aikin malaman jami'a ya ɗauki wata takwas a 2022, na haihu a tsakani, mahaifina ya rasu ban gama babi na huɗu ba. Allah ya jiƙan Baba, ya kai haske kabarinsa. Maigida, Abban yara, kai ka san kuɗin mota da na takarda da darare nawa ka kwana da yaro a kafaɗa. Ƙannena da suka riƙe mini yara, na zo ina rubuta cewa jariri yana da uwa fiye da ɗaya, ashe a gidana ake yin gwajin. Goggo, bayanki ne makarantata ta farko.

Da na kira gida ranar Talata, ƙanwata ce ta ɗauka ta sa a sifika. Na ji Inna daga nesa tana cewa, "An ce yarinyar nan ta gama? To madalla." Ba ta karɓi wayar ba. Washegari da sassafe sai ga ɗan aike da kwanon dambun nama da turmin atamfa, wai a ba "mai sunan Hajiya".

Masu tambayar walima, ku ɗan ƙara haƙuri. An ba ni mako shida in kai gyara, kuma Farfesa ta riga ta aiko saƙo cewa tana jirana ranar Litinin da ƙarfe takwas. Wanda na ɓata wa rai a tsawon shekarun nan, na ƙi zuwa bikinsa ko na makara gaisuwa, don Allah ya yafe mini.