Saƙon Godiya Bayan Abin Da Ya Same Ni A Hanyar Katsina

Assalamu alaikum. Bayan godiya ga Allah da ya dawo da ni da iyalina gida lafiya, ina so in gode wa bayin Allah da suka taimake ni a daren Juma'ar da ta wuce da kuma washegarinta.

Laifin nawa ne tun farko. Motata Honda Accord ce ƙirar 2000, wadda ake kira Baby Boy, kuma ta yi watanni fitilun mitarta suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya, ni kuwa na saba da haska tocilar waya in duba mai. A hanyarmu ta dawowa daga Katsina allurar zafin inji ta hau ban gani ba, sai da tururi ya turnuƙe daga bonet dab da Bichi. Wani direban motar haya ya tsaya duk da fasinjojinsa suna ƙorafi, ya hana ni buɗe murfin lagireto har injin ya huce, ya ɗaure tiyon da ya kwance, ya ba ni jarkar ruwansa, kuma ya ƙi karɓar ko sisi. Ban ma tambayi sunansa ba. Allah ya saka masa da alheri.

Godiya ta musamman ga mai riwayan unguwarmu, wanda ya gyara mini fitilun mitar washegari. Wani ya riga ya ba ni shawarar in sayi mitar Beljiyam gaba ɗaya, amma shi ya ce ba dalili, domin kilomitar da za ta nuna ta wata motar ce daban. Sai da ya duba fiyus da makunnin rage haske ya tabbatar lafiyarsu ƙalau, sannan ya cire kan batir na nagatif, ya sauke sitiyari ƙasa, ya ɓanɓare robar da ta kewaye mitar a hankali ba tare da ya karya ko maƙali ɗaya ba. Da ya kwance kusoshin ya karkato ta, ya zare soket-soket ɗin da ke bayanta, ya kifa ta a kan tsumma don kada gilashin ya karce. Ƙwayayen fitila uku sun ƙone har sun yi baƙi. Ya ce a canza duka lokaci guda, tunda shekarunsu ɗaya, kuma ba wanda yake son sake kwance dashbod bayan wata biyu.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne gurbin fitilar cek injin, wanda muka tarar babu ƙwai a cikinsa. Cire shi aka yi kafin motar ta zo hannuna, don kada mai saye ya ga gargaɗin. Da ya ga dama zai mayar da mitar ya yi shiru, amma ya kira ni ya nuna mini da idona.

Ina gode wa yaronsa da ya sha rana zuwa kasuwar Ƙofar Ruwa da ke Kano ya samo ƙananan ƙwayaye masu ƙarfin wuta bolt 12 daidai da na asali, da ƙanina da ya ara mini motarsa na kai yara Islamiyya. Kafin a ɗaure kusoshi an murɗa makulli an ga kowace fitila ta kama, har da ta cek injin ɗin, wadda ta ƙi mutuwa bayan an tayar da mota. Ranar Litinin in sha Allahu zan kai ta a saka mata kwamfuta. Na gode, Allah ya bar zumunci.