Duro ɗaya a cikin lodin gilisirin

Ƙannena da suka karanta kemistiri suna yawan tambayata yadda aikin ɗakin gwaji yake a kamfanin magani, sun ɗauka farar riga ce kawai da sanyin esi. To akwai su, amma ni abin da ya tsaya min a rai har yau wani duro ne.

Lodin gilisirin aka sauke mana na haɗa maganin tarin yara, takardar ingancin da dillali ya haɗo da ita tsaf, ga hatimi ga sa hannu. Na ɗebi samfur daga kowane duro don irin wannan kayan ba a yi masa ɗauki ɗaiɗai. Gwajin FTIR, wanda ake yi da haske don tabbatar da irin kayan, ya wuce lafiya ƙalau. Sai da na sa a GC, na'urar da ke rarrabe sinadaran da ke cikin samfur, ne duro ɗaya ya nuna DEG, wato sinadari mai guba da ake kira diethylene glycol, ƙa'ida kada ya wuce kashi 0.10 cikin 100, wannan kuwa ya zarce nesa ba kusa ba. Wallahi hannuna rawa yake lokacin da na kai wa oga. Aka buɗe bincike, wata abokiyar aikina ta sake gwadawa, sakamako bai canza ba.

Sai ga manajan sarrafawa har ƙofar ɗakin gwaji, wai "Malam, takarda ta ce lafiya, kai za ka tsayar mana da layi?" Takarda fa! DEG ba shi da launi, ga zaƙi kamar gilisirin ɗin, ga araha, shi ya sa marasa tsoron Allah suke cakuɗa shi, kuma ƙodar yaro yake kashewa. Shi ne ya kashe yara 84 a Najeriya ta maganin haƙori My Pikin daga ƙarshen 2008, shi da ɗan'uwansa EG, wato ethylene glycol, suka kashe yara kusan 70 a Gambiya a 2022. Ni kuma ana nuna min takarda.

Don haka ƙanina in kana son aikin nan, tun lokacin IT, wato horon aiki na ɗalibai, ka liƙe wa mai kula da GC da HPLC, ita ma na'urar rarrabe sinadarai ce, ka koya da hannunka, a intabiyu su ake tambaya. Kuma duk abin da ka auna ka rubuta nan take a littafin gwaji da biro, ba fensir ba gogewa, ranar da aka taso ni littafin nan ne ya tsaya min. Albashin farko ba yawa, gara ka sani.

An manna wa lodin jar takarda gaba ɗaya, aka sanar da NAFDAC, hukumar kula da abinci da magunguna, alhamdulillah ko cokali bai shiga tukunyar haɗi ba. Amma dillalin nan ba mu kaɗai yake kai wa kaya ba, kuma akwai ƙananan kamfanoni da ba su da GC sam, takardar suke karɓa su zuba. Wannan ne yake ci min rai.